Faifai Na Shida

Duk wanda ya san Ƙofar Galadima a shekarun nan na ƙarshe kafin a shiga dubu biyu, ya san Malam Arthur Yunis, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan siriri mai farar riga da alƙaluma uku a aljihu, wanda kullum ƙarfe bakwai da rabi yake shigowa birni daga Wusasa a kan baƙin kekensa. Masu shaguna har agogonsu suke gyarawa da wucewarsa. Sunan ya yi wa 'yan birni nauyi a baki, sai suka mai da shi Malam Ata, wasu kuma su ce Akawu kawai.

An haife shi a Wusasa a 1931, ya yi makarantar mishan a zamanin da ɗigon tawada ɗaya a littafi kan jawo wa yaro bulala biyu. A 1950 ya shiga En'e a matsayin ƙaramin akawu, daga nan aka mai da shi ofishin lardi, bai bar tafireta ba sai da ya yi ritaya a 1986. Dokoki biyu ya riƙe duk tsawon aikinsa. Ta farko, kowace takarda uku ake bugawa da kabon: fara ta tafi inda aka aike ta, shuɗiya ta shiga fayil, rawaya ta shiga akwatin ƙarfe. Ta biyu, takarda ba ta barin teburinsa da kuskure ko na waƙafi ɗaya, gara ya sake buga shafin sau biyar. Shekara talatin da shida, ba a taɓa neman takarda a hannunsa aka rasa ba. Yana yawan faɗin haka, har mutane suka gaji da ji.

A 1994 ɗansa Walter ya aiko masa da kwamfuta daga Kaduna. Malam Arthur ya karanta littafinta daga bango zuwa bango, yana ja wa muhimman wurare layi da rula, sa'an nan ya kama ɗan shago ya buɗe wurin buga takardu.

Amma asalinsu ba mutanen Wusasa ba ne. Kakansa Malam Mamman, mai kwafin littattafai ne a unguwar Kusfa, cikin birni. Cikin 'ya'yansa, na uku, Yunusa, shi ya bi mishan, da suka tashi daga cikin birni ya bi su Wusasa, inda aka riƙa kiransa Yunis. Bai sake taka zauren ubansa ba. Ya rasu a 1961 yana ganin tsohon ya tsine masa, kuma da wannan nauyin a zuciya Malam Arthur ya binne shi. An dai san Malam Mamman ya bar wani kundi na ajami inda ya rubuta asalin gidan da labarin 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Kundin yana hannun Malam Bahago, ɗan wan Yunusa, wanda ya gaji sana'ar kwafi, kuma da hagu yake rubutu, shi ya sa sunan ya bi shi. Sau huɗu a rayuwarsa Malam Arthur ya je Kusfa ya roƙi a karanta masa abin da aka rubuta a kan mahaifinsa, domin shi bai iya ajami ba. Sau huɗu Malam Bahago ya sallame shi daga bakin ƙofa.

Saboda haka ya yi mamaki ƙwarai da wata safiya, bayan ƙaramar sallar 1996, ya ɗaga kai ya ga Malam Bahago tsaye a ƙofar shagonsa, rungume da gafakar da ake ajiye kundin a ciki.

"Sannu da zuwa, Yaya. Shigo mana."

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba, Ata. Idona yana mutuwa, gara ta fara cin gefen kundin, jikokina kuma babu mai karanta Hausa sai da boko. Zan karanta, ka buga. Ba don na yarda da kai ba, sai don asirin gida ba ya zuwa kunnen bare, kai kuwa ko ba komai jinin ya taɓa bi ta jikinka."

"Ya taɓa bi? Ya fita ke nan?"

"Ka tambayi ubanka in kun haɗu. Ina kujera?"

Haka suka fara, haka kuma suka ci gaba har wata biyar. Kullum da hantsi Malam Bahago zai zo, ya kwance gafakar, ya kusanto da takarda har ta kusa taɓa hancinsa, ya yi ta karantawa. In Malam Arthur ya ce a maimaita, sai ya ce makarantar mishan kunne take toshewa. In Malam Bahago ya yi tuntuɓe a kalma, sai Malam Arthur ya ɗauke hannuwansa daga aiki ya naɗe su a ƙirji, ya ce shi ba ya buga in-ina. Ruwan shagon ma Malam Bahago bai taɓa sha ba, da butarsa yake zuwa.

Tun makon farko suka yi faɗa a kan muƙabala. A wurin masu kwafi na birni, in an gama kwafe shafi, sai mutum biyu su zauna, ɗaya ya riƙe na asali, ɗaya ya karanta sabon da ƙarfi, a bi kalma bayan kalma. Sai an yi haka ake lissafa shafin ya kwafu.

"Fitar da na jiya a takarda, ka karanta mini, in bi ka da kundin," in ji Malam Bahago.

"Ba yanzu ba. Sai an gama duka, na gyara, sa'an nan in fitar da shi tsaf. Ban taɓa ba wa mutum takarda mai gyara ba, ba zan fara da kai ba."

"To ina rubutun yake yanzu?"

"Yana ciki."

"Ciki ina? Na leƙa, ban ga komai ba sai hasken nan mai kashe ido. Abin da ba a karanta an ji ba, ni a wurina ba a rubuta shi ba."

"Yaya, wannan ba almajirin kwafi ba ne da zai yi gyangyaɗi. Na'ura ce. Ba ta kuskure."

"Allah ya sa," in ji Malam Bahago, da irin muryar da ke nufin akasin haka.

Ba wai Malam Arthur sakaci yake yi ba. Kowace Juma'a, da zarar Malam Bahago ya tashi don shirin masallaci, sai ya yi ajiya. Kwamfutar takan dunƙule duk abin da ke cikinta ya zama abu guda, ta zuba shi a ƙananan fayafai tara, irin masu murabba'in nan da ake zurawa ta baki. Daga waɗannan taran sai ya kwafi wasu tara, daga su kuma ya kwafi wasu tara, daidai da yadda kabon yake sauka daga takarda zuwa takarda. Na farko ya manna musu farar alama, na biyu shuɗiya, na uku rawaya. Farare su zauna a aljihun tebur, shuɗɗa a kabad, rawaya kuwa ya ɗaure su a bayan keke zuwa akwatin ƙarfensa na Wusasa. Sa'an nan ya buɗe rajista ya rubuta kwanan wata da kalma biyu: an ajiye.

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga Yuni, suka iso kan 'ya'yan Malam Mamman. Malam Bahago ya karanta na fari da na biyu a tsanake, da ya zo na uku sai ya sassauta murya ya bi ta kai da sauri.

"Ban ji ba, Yaya. Sake."

"Kurma ka zama?"

"Sake dai."

Malam Bahago ya ja dogon tsaki, ya karanta kamar ana zare masa haƙori: "Na uku Yunusa. Ya bi mishan ya tafi Wusasa. Ɗana ne, ban cire shi ba. Allah ya tsare shi inda yake."

Yatsun Malam Arthur suka buga kalmomin da kansu. Ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Da yamma ya gaya wa matarsa Ethel. Ta ce, "Malam, don Allah gobe ka fitar da shafin nan ko shi kaɗai, mu kai wa ƙannenka su gani da idonsu."

"Akwai gyara a shafin. In an gama zan fitar da shi da kyau, in sa a yi masa bango. Shekara talatin da biyar Baba yana kwance, wata biyu ba za su dame shi ba."

Suka kai ƙarshen kundin a ƙarshen Yuli. Malam Arthur ya ce a ba shi mako uku na gyara. A cikin makonnin nan ne, wata Laraba da la'asar, aka yi ruwan da ya rushe katangu da yawa a birni. Azarar ɗakin karatun Malam Bahago ta karye, rufin ya zubo, laka da ruwa suka binne gafakar. Tawadar masu kwafi kuwa ba ta jure ruwa. Da aka tono kundin, takardun sun manne sun zama curi guda, rubutun ya wanke sai baƙin dabbare. A lokacin kuma yanar ido ta gama rufe wa Malam Bahago gani, ko da kundin ya tsira ba zai iya karanta shi ba.

Da labari ya iske Malam Arthur, ya je jaje, amma har a zuciyarsa akwai wani ɗan daɗi da bai iya dannewa ba. Ya tsaya a zauren ya ce, "Kada ka damu, Yaya. Yana wurina, har kashi huɗu. Litinin zan fitar maka."

Litinin ya kunna kwamfuta, sai ya ji wani ƙas-ƙas daga cikinta, kamar ɓera yana gwaguyar katako. Ta daɗe tana wannan ƙara, sa'an nan ta rubuto cewa ta kasa karanta babban faifan cikinta. Ya kashe, ya kunna. Ya sake kashewa, ya bar ta ta huce, ya kunna. Magana ɗaya take maimaitawa. Bai tsorata ba. Mutumin da ke da fayafai ashirin da bakwai me zai tsorata?

Aka haɗa shi da wata Malama Rahmatu, injiniya mai gyaran kwamfuta a Samaru, mace mai ƙarancin magana. Ta zo ta buɗe na'urar, ta saurari ƙarar, ta ce babban faifan ya mutu, ba ya tashi. Ta sa sabo. Malam Arthur ya jera mata farare tara a kan tebur, ya daidaita gefensu da rula.

Na ɗaya ya shiga lafiya. Na biyu, na uku, na huɗu, na biyar. Da aka zura na shida, sai na'urar ta yi gurnani, ta yi shiru, ta sake gurnani, ta ce ta kasa karantawa.

"Ba komai," in ji shi. "Ga shuɗɗa."

Shuɗɗan ma a na shida suka tsaya. Ya hau keke cikin yayyafi ya je Wusasa ya ɗauko rawaya. Su ma a na shida.

Malama Rahmatu ta ɗauki farin na shida, ta ture ɗan ƙarfen da ke rufe bakinsa, ta juya shi a hasken taga. Ta nuna masa wani zobe fari-fari a jikin baƙin faifan. "Fumfuna ce, Baba. Danshin damina. Waɗannan fayafan kake maimaitawa kowane mako?"

"Su ne. Ban taɓa ɓatar da ko ɗaya ba."

"Shuɗɗan daga kwamfuta kake cika su?"

"Daga farare. Rawaya kuma daga shuɗɗa. Haka ake yi."

"In kana kwafar na shida, ba ta yi maka wata magana?"

"Tun wajen Mayu takan ɗan tsaya, ta tambaya ko ta sake gwadawa ko ta wuce. In na ce ta wuce sai ta wuce, ta ce ta gama. Tunda ta ce ta gama..."

"Ka taɓa mayar da ajiyar cikinta ko sau ɗaya, ka buɗe ka ga ko tana karantuwa?"

Ya dubi rajistar da ke buɗe a gabansa, Juma'a ashirin da huɗu a jere, kowace da kyakkyawan rubutunsa. Tambayar da ta yi masa ita ce wadda Malam Bahago ya yi masa tun makon farko, ta sake kalmomi ne kawai.

Ta yi masa bayani cewa da yake ajiyar dunƙule take, rashin faifai ɗaya ya hana sauran takwas buɗuwa ta hanyar da aka saba. Ta tafi da su duka, ta yi kwana tara tana tsinto rubutun guntu-guntu. Ta dawo masa da farkon kundin da ƙarshensa, sai dai shafi wajen arba'in na tsakiya babu su. Abin da ta samo daga na shida tarkacen alamomi ne marasa ma'ana. Ya bi su layi-layi da yatsa yana neman sunan mahaifinsa. Babu. Labarin 'ya'yan Malam Mamman gaba ɗaya a na shida ya faɗa.

Ya kwana biyu kafin ya iya zuwa Kusfa. Ya sami Malam Bahago zaune a buzu, idanu a buɗe ba sa ganin komai. Ya durƙusa, abin da bai taɓa yi masa ba, ya faɗi gaskiya ba ragi.

Malam Bahago ya bar shi ya gama. "Kashi huɗu, ko ba haka ka ce ba? Ashe ɓarna ɗaya ka kwafa sau uku ka yi mata ado da launi. Kakanmu da alƙalamin kara da hasken rana ya riƙe littafin nan shekara sittin. Kai da wutar lantarki wata biyar ya gagare ka. Ubanka ya fita da ƙafarsa, kai kuma ka zo ka fitar da mu duka."

"Laifina ne, Yaya."

"Da na wa? Na ce ka karanta mini, ka ce na'ura ba ta gyangyaɗi. To ga shi ta yi minshari."

Ya yi ta faɗa har aka kira azahar. Da ya dawo daga salla, ana riƙe da sandarsa, ya tarar Malam Arthur bai motsa ba. Ya zauna ya ce, "Tun ina ɗan shekara goma nake karanta kundin nan. Abin da ya ɓata yana kaina. Amma ba zan sake taka shagonka ba, kuma ba zan yi magana a gaban akwatin nan ba. Ka kawo tafiretarka nan. Kowane shafi ka gama, ka karanta mini kafin ka tashi."

Aka ɗauro tsohuwar tafireta a bayan keke. Ya jera fara da shuɗiya da rawaya da kabon a tsakani, kamar a ofishin lardi. Malam Bahago yana faɗa daga ka, shi yana bugawa, kuma ga mamakinsa duk inda ya tuna yadda maganar take a da, haka tsohon yake kawo ta, ba ragi ba ƙari. A rana ta takwas suka iso wurin.

"Na uku Yunusa. Ya bi mishan ya tafi Wusasa. Na huɗu Kulu, wadda aka kai Giwa..."

Tafiretar ta tsaya. "Akwai saura, Yaya."

"Babu."

"Da bakinka ka karanta mini. Talata ce, goma sha ɗaya ga Yuni. Har sau biyu."

"Ni ban tuna ba. Tsufa ne. In akwai, nuna mini a takarda. Ba kai ne mai uku-uku ba?"

"Ka ji tsoron Allah, Yaya."

"Kai za ka koya mini? Buga abin da na faɗa, ko ka ɗauki kayanka."

Malam Arthur ya dubi takardar. Kalmomi goma sha biyu ne, yana da su a ka sarai. Mutumin da ke gabansa makaho ne. Zai iya buga su, in an zo muƙabala ya tsallake, babu wanda zai sani. Ya ɗora yatsunsa a kan haruffan. Amma tun yana ɗan shekara goma sha tara aka koya masa cewa akawu ba ya rubuta abin da ba a faɗa masa ba ko bai gani a takarda ba. Kuma in ya sa su da kansa, sun zama maganarsa ke nan, ba ta kakansa ba, alhali ta kakan yake so ya kai wa ƙannensa. Ya kama hannun tafiretar ya ture shi sau uku, ya ci gaba daga Kulu.

Da ya gama shafin ya karanta da ƙarfi. Da ya zo wurin ya ce, "Nan na bar fili, layi biyu."

"Filin me?"

"Na abin da ka manta. Ko za ka tuna wata rana."

"Takardarka ce, ka bar shafi goma in ka so. Wuce."

Suka ƙare shafi arba'in ɗin kafin kaka. Aka haɗa da abin da Malama Rahmatu ta ceto, aka fitar da shi duka, aka yi masa muƙabala daga farko har ƙarshe a zauren Kusfa. Fara ta zauna a gidan, shuɗiya wurin babban jikan Malam Bahago, rawaya ta tafi akwatin ƙarfe a Wusasa. Bayan haka, kowace ranar Asabar ta farkon wata, Malam Arthur yakan je ya gaishe da yayansa, ya tambaye shi ko ya tuna. Malam Bahago yakan ce, "Me?" Haka suka yi ta yi har ya rasu a 1998.

Malam Arthur ya ci gaba da buɗe shagonsa ƙarfe bakwai da rabi. Ajiyar Juma'a kuwa ta koma cin yini guda, domin sai ya mayar da ita cikin na'ura ya karanta da idonsa kafin ya taɓa rajista. Farin faifan nan na shida ya naɗe shi a hankici, ya sa a aljihun gaba bayan alƙaluma uku. Duk wanda ya ji an ce ya san kwamfuta, ko daga Kano ya zo ko daga Legas, sai ya fito da shi ya kwance hankicin, ya ce, "Malam, ko za ka duba mini wannan? Ba duka nake nema ba. Layi biyu ne."